Michael Faraday: Ɗan Maƙeri, Masanin Lantarki, Dattijon Ikkilisiya

A tsakiyar hunturu, sa'ad da iska ta bushe har leɓe yana tsagewa, akwai wani abu da kusan kowane gida ya sani. Yaro zai tuɓe rigar sanyi cikin duhu, ko ya ja bargo, sai a ji ƙara ƙas-ƙas, a ga ƙananan tartsatsi suna ƙyalli. Uwa za ta sauko daga mota ta kama ƙofa, sai ta ji kamar an soke ta da allura a yatsa. Yara sukan tambayi dalili, manya kuwa sau da yawa sukan rasa amsa, har wasu su danganta abin ga iskoki. Alhali kuwa abin yana da suna, yana kuma da ƙa'ida. Shi ne kwantaccen lantarki, wato wutar lantarkin da take taruwa a jikin abu ta kwanta a can, har sai ta sami hanya ta yi tsalle gaba ɗaya.

A wannan fitowa mun kawo wa masu karatu tarihin wani mutum da ya ba da shekaru masu yawa yana binciken wannan al'amari. Sunansa Michael Faraday, mutumin Ingila. Duniya ta san shi a matsayin ɗaya daga cikin manyan masanan kimiyya, amma 'yar ƙaramar ikkilisiyarsa ta Landan ta san shi a matsayin dattijo mai wa'azi da ziyarar marasa lafiya. Iyayen da suke fargaba kada ilimin kimiyya ya raba 'ya'yansu da bangaskiya za su sami abin tunani a rayuwarsa.

Yarantaka cikin rashi

An haifi Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wurin da yanzu yake cikin kudancin Landan. Mahaifinsa, James, maƙeri ne da ya yi ƙaura daga arewacin Ingila don neman abin zaman gari, amma rashin lafiya ya sha hana shi aiki. Michael shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. A shekarar 1801, lokacin da abinci ya yi tsada ƙwarai, akwai makon da burodi ɗaya ne rabonsa na kwana bakwai. Karatun da ya samu a makaranta bai wuce iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Yana ɗan shekara 13 ya fara aikin aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinke su. A 1805 aka ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai na shekara bakwai. A nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa, gama yaron yakan karanta littattafan da aka kawo masa ya ɗinke. Ɗaya daga cikinsu littafi ne a kan yadda mutum zai horar da hankalinsa, wanda Isaac Watts ya rubuta, wato mawallafin waƙoƙin sujada da ikkilisiyoyi suke rerawa har yau. Daga wurin Watts ya koyi ajiye littafin rubuta abin da ya gani, da kuma yin jinkiri kafin yanke hukunci. Ya kuma karanta littafin Jane Marcet a kan ilimin sinadarai, da wani dogon bayani a kan lantarki cikin kundin ilimi na Britannica. Wannan bayani ya kama zuciyarsa har ya tattara tsofaffin kwalabe da guntayen katako ya haɗa wata na'ura mai fitar da tartsatsi ta hanyar guga. Da kwantaccen lantarki ke nan ya fara, tun yana yaron shago.

Daga shago zuwa ɗakin gwaje-gwaje

A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, shahararren masanin sinadarai na cibiyar kimiyya da ake kira Royal Institution. Faraday ya halarci lacca huɗu, ya rubuta abin da ya ji dalla-dalla, ya ɗinke shi ya zama littafi mai shafi fiye da 300, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje, aikin da ya haɗa da wanke kwalabe da shirya kayan lacca.

A ƙarshen wannan shekara Davy ya tafi da shi rangadin ƙasashen Turai na wata goma sha takwas. A Faransa ya ga Ampère, a Italiya kuma ya ga Volta, wanda ya ƙirƙiro batir na farko a 1800. Sai dai tafiyar ta zo da ɗaci, domin matar Davy ta ɗauke shi bara, ta riƙa nuna masa cewa shi ɗan talaka ne. Ya daure, ya koma gida da ilimin da babu jami'ar da za ta ba shi. Daga baya ma, da sunansa ya fara fitowa, Davy da kansa ya yi hamayya da shigarsa babbar ƙungiyar masana ta Royal Society. Duk da haka aka zaɓe shi a 1824, shi kuwa bai daina girmama maigidansa a matsayin wanda ya fara ba shi dama ba.

Ayyukansa sun yi yawa. A 1821 ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu za su iya juya abu ba tsayawa, wanda shi ne tushen injin da yake juya fanka da famfon ruwa. Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya gano cewa canjin ƙarfin maganaɗisu yana haifar da lantarki cikin waya, kuma a kan wannan ne janareta da taransifoma suke aiki har yau. Amma a nan za mu tsaya ga bincikensa a kan kwantaccen lantarki.

Mene ne caji?

Tun zamanin dā mutanen Girka sun lura cewa idan aka goga wani irin daskararren ƙaro a jikin tufa, yakan jawo ƙananan abubuwa marasa nauyi. Yaranmu ma sukan yi irin wannan da biro: su goga shi a gashin kai, ya ɗauki guntayen takarda. A yau mun san dalili. Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, a cikinsu kuwa akwai caji iri biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Iri ɗaya suna ture juna, iri dabam suna jan juna. A yawancin lokaci biyun daidai suke, shi ya sa ba ma jin komai. Idan abubuwa biyu suka gogi juna, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektron sukan bar ɗaya su koma ɗayan, sai daidaiton ya ɓaci. Da damina laimar iska takan kwashe wannan caji a hankali. Da hunturu kuwa ba laima, sai ya yi ta taruwa a jikin mutum har ya kai dubban bolt, ya fita a tartsatsi ɗaya sa'ad da hannu ya kusanci ƙarfe.

Faraday bai san elektron ba, gama sai a 1897 aka gano shi, shekara talatin bayan rasuwarsa. A zamaninsa ma ana gardama ko lantarkin guga da na batir da na wasu kifaye abu ɗaya ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwada abin da kowanne yake iya yi, a 1833 kuma ya bayyana cewa lantarki ɗaya ne, ko daga ina ya fito, bambancin yana ga yawa da ƙarfi kawai. A 1838 ya yi gwaji da wani kifi mai lantarki da aka kawo Landan daga Kudancin Amurka. Masuntanmu da suka taɓa kama minjirya da hannu sun san irin abin da ya ji.

Ɗakin da ya shiga da kansa

Tun a 1755 Benjamin Franklin na Amurka ya lura cewa idan aka cika gwangwanin ƙarfe da caji, abin da aka zura cikinsa ba ya jin komai, amma bai iya bayyana dalili ba. Faraday ya ƙudura ya gwada wannan a babban mizani. A watan Janairu na 1836 ya gina wani ɗaki da firam na katako a zauren lacca na Royal Institution, tsawonsa da faɗinsa da bisansa ƙafa 12 kowanne. Ya naɗe shi da wayar jan ƙarfe, ya lulluɓe shi da takarda da siraran fallayen kuza, ya kuma raba shi da ƙasa don kada cajin ya zurare. Sa'an nan aka haɗa ɗakin da babbar na'urar guga, aka yi ta ɗura masa caji har manyan tartsatsi suna tashi daga bangonsa ta ko'ina.

Faraday ya shiga ciki. Ya zauna da kyandir a kunne da na'urorin awo mafi saurin ji da yake da su, ya auna kowane lungu, bai sami ko alamar lantarki ba. Dalilin kuwa shi ne, tun da caji iri ɗaya yana ture juna, idan ya sami ƙarfen da zai yi yawo a jikinsa sai ya watsu zuwa fatar waje, ya jeru ta yadda ƙarfinsa zai soke juna a ciki. Duk wani rufaffen gida na ƙarfe ko na ragar waya mai irin wannan aiki, yau ana kiransa kejin Faraday.

A 1843 ya sake wani gwaji da bokitin ƙarfe na zuba ƙanƙara. Ya haɗa bayan bokitin da na'urar awo mai siraran ganyen zinariya biyu, waɗanda sukan rabu idan caji ya zo musu. Ya ɗaura ƙwallon tagulla mai caji da zaren siliki, ya zura shi cikin bokitin ba tare da ya taɓa ko'ina ba, sai ganyen suka rabu. Ya bar ƙwallon ya taɓa gindin bokitin, ganyen ba su ƙara ba, ba su ragu ba. Da ya fito da ƙwallon, babu sauran caji a jikinsa ko kaɗan, duka ya koma bayan bokitin. Wannan ya nuna cewa caji ba ya ɓacewa, ba a kuma ƙirƙiro shi daga babu. Rabuwa yake yi, ko ya tashi daga wani wuri ya koma wani, lissafinsa kuwa kullum a cike yake. Hausawa sun ce gani ya kori ji, haka kuwa Faraday ya yi aikinsa duka: ba ya karɓar magana a kan halitta sai ya gwada ta da hannunsa.

Amfani da haɗari a gidajenmu

Wannan ilimi yana tare da mu kowace rana. Injin fotokwafi, wanda Chester Carlson ya fara gwada dabararsa a 1938, yana amfani da caji ne ya kama garin tawada ya manna shi a takarda. A masana'antun mota akan ba fenti caji don ya manne wa ƙarfe ko'ina daidai. Manyan masana'antu suna kama ƙurar hayaƙi da faranta masu caji kafin ta fita iska. Ragar da take jikin ƙofar na'urar ɗumama abinci kejin Faraday ce, haka ma jakar nan mai ƙyalli da ake sa kayan cikin kwamfuta, domin tartsatsin da mutum ba zai ma ji ba ya isa ya lalata su.

Haɗarin kuma gaskiya ne. Tartsatsin da yake fita daga yatsa ba ya cutar da lafiyayyen mutum, amma yana iya kunna tururin fetur. Fetur da kansa yakan tara caji sa'ad da yake gudu cikin tiyo, shi ya sa ake haɗa tankar mai da ƙasa da waya kafin a fara juye ta. Mai sayen mai a jarka ya sauke ta ƙasa kafin a zuba, kada a cika ta tana cikin but ko a bayan a-kori-kura. Wanda ya fito daga mota a gidan mai, musamman da hunturu, ya fara taɓa jikin motar nesa da bakin tanki kafin ya kusanci inda ake zuba mai.

Walƙiya ita ce babbar yayar waɗannan tartsatsi, gama caji ne da ya taru a gizagizai. Idan hadari ya taso ana tsawa, mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe mafaka ce mai kyau, jikin ƙarfen ne kuwa yake kāre na ciki, yana bi da wutar ta waje zuwa ƙasa. Tayoyin roba ba su ne dalili ba, don haka babur ba shi da wannan kariya. Ta wannan hanya ce jirgin sama yake tsira idan tsawa ta faɗa masa. Gindin itace guda a tsakiyar gona, da buɗaɗɗiyar rumfa, da bakin rafi, wurare ne na guje wa. Majami'unmu kuma, waɗanda sau da yawa su ne gini mafi tsawo a gari, suna bukatar ƙarfen kama tsawa irin wanda Franklin ya ƙirƙiro, da kakkaurar waya da ta sauka har cikin ƙasa. Ya kamata kwamitin gini ya riƙa duba ta kafin kowace damina, domin wayar da ta tsinke ba ta kāre kowa.

Mutumin ranar Lahadi

Iyayen Faraday 'yan wata ƙaramar ɗarika ce da John Glas ya kafa a Sikotilan wajen 1730, surukinsa Robert Sandeman kuma ya yaɗa ta, har aka riƙa kiran mabiyanta da sunansa. Sun yi ƙoƙarin bin tsarin ikkilisiyar farko kamar yadda suka fahimce shi daga Sabon Alkawari. Ba su da fasto mai albashi, dattawa ne suke jagora. Kowace Lahadi sukan ci abinci tare tsakanin sujadar safe da ta yamma, su ci Jibin Ubangiji, suna kuma ganin tara dukiya don gobe bai dace da mai bi ba.

Ranar 12 ga Yuni, 1821, Faraday ya auri Sarah Barnard, 'yar wani dattijon wannan ikkilisiya. Bayan wata guda ya tsaya a gaban jama'a ya shaida bangaskiyarsa. Allah bai ba su haihuwa ba, amma sun riƙe 'ya'yan 'yan'uwa a gidansu, suka zauna tare shekara 46 cikin ƙauna. An naɗa shi mai hidima a 1832, dattijo kuma a 1840. A 1844 wata taƙaddama a kan horo ta sa aka dakatar da shi tare da wasu na 'yan makonni. Mutumin da sarakunan Turai suke aiko wa lambobin yabo ya sunkuyar da kai ga horon 'yan'uwansa, waɗanda yawancinsu talakawa ne, har aka maido da shi. A 1860 aka sake zaɓensa dattijo.

Bangaskiyarsa ta bayyana a yadda ya riƙi kuɗi da girma. Kamfanoni da kotuna sukan biya shi don ya auna musu kaya, har abin da yake samu ta nan ya haura fam 1,000 a shekara. Ya janye daga wannan don ya ba da kansa ga bincike, a 1832 kuɗin ya sauko zuwa fam 155. Sau biyu aka nemi ya shugabanci Royal Society, sau biyu ya ƙi. Amma aikin taimakon jama'a bai ƙi ba. Kusan shekara talatin yana ba da shawara a kan fitilun bakin teku masu nuna wa jiragen ruwa hanya. A 1844 ya binciki fashewar mahaƙar kwal ta Haswell, inda mutum 95 suka mutu, ya nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara wa wutar ƙarfi. Ya kuma yi wa yara jerin laccocin Kirsimeti har sau 19, al'adar da cibiyar take bi har yanzu.

A 1853 wani yayi ya kama Ingila, mutane suna zama kewaye da tebur suna ɗora hannu, tebur ya motsa, su ce ruhohin matattu ne ko wani ɓoyayyen lantarki. Faraday ya sa wani ɗan ma'auni tsakanin hannuwansu da teburin, ya nuna cewa su ne suke tura shi ba da saninsu ba. Da zarar sun ga ma'aunin yana tona su, sai teburin ya daina motsi. Ya gaskata cewa Allah mai tsari ne, halittarsa kuma tana bin dokokin da ya sa mata, saboda haka mai bi ba shi da dalilin jin tsoron bincike, ba shi kuma da dalilin bin camfi. Bai taɓa ɗauka cewa gwaji zai kai mutum ga ceto ba. A wurinsa wannan kyauta ce da ake karɓa ta wurin Yesu Almasihu, kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya bayyana.

Kwanakin ƙarshe

Tun daga 1839 lafiyarsa ta fara raunana, yana fama da jiri da mantuwa, har ya bar aiki na wani lokaci. Ya dawo ya yi wasu manyan bincike, amma mantuwar ta yi ta ƙaruwa. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court. A 1864 ya ajiye aikin dattijo da kansa, da ya ga ba zai iya riƙe shi yadda ya kamata ba. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana zaune a kujerarsa, yana da shekara 75. Bisa ga burinsa aka yi jana'iza ta iyali kawai, aka binne shi a maƙabartar Highgate, dutsen kabarinsa kuwa yana ɗauke da sunansa da ranar haihuwa da ta rasuwa.

James Clerk Maxwell, wanda shi ma mai bi ne, ya ɗauki tunanin Faraday ya mai da shi lissafi, daga nan kuma hanyar rediyo ta buɗe. Ma'aunin yawan cajin da na'ura take iya riƙewa, farad, da sunansa aka kira shi. Ɗarikarsa kuwa ba ta daɗe ba. Ba ta himmatu ga kai bishara waje ba, ta yi ta raguwa, har majami'arta ta Landan ta rufe a 1984. Wannan ma gargaɗi ne a gare mu.

Abin da ya rage mana

A sura ta 38 ta littafin Ayuba, Ubangiji ya tambayi bawansa ko shi ne yake aiken walƙiya. Faraday ya san amsar, ya kuma san cewa wanda ya yi tambayar bai hana mu duba aikin hannunsa ba. Ga iyaye, idan yaro ya ga tartsatsi a bargo ya yi tambaya, kada a tsorata shi, kada kuma a kore shi. A ba shi biro da guntayen takarda ya gwada, a gaya masa labarin ɗan maƙerin nan. Ga matasan da rashin kuɗi ya katse musu karatu, su tuna cewa a shagon koyon sana'a Faraday ya ilimantu, da littattafan da ba nasa ba. Ga waɗanda Allah ya ɗaukaka da ilimi ko muƙami kuwa, tambayar ita ce ko har yanzu 'yan'uwa suna iya yi musu gyara, ko kuma ana ganinsu a wurin zamansu ranar Lahadi. Ubangiji ya ba ikkilisiyarmu 'ya'ya masu kaifin hankali da tawali'u irin wannan. Amin.